Kachala Na Cin Fadama, Mu Kuma Muna Korar Masu Tare Ta

Jama'ar Kaugama, da maƙwabtanmu na Auyo da Malam Madori da Haɗejia, a saurara. Fadamar da ke ciyar da mu tana toshewa, kuma yaran da za su iya yi mata magani, mu da kanmu muke kashe musu gwiwa a tsakar gida.

Da wuya a rasa irin yaron nan a sakandaren yankinmu. Shi ne wanda in an aike shi kai abinci gona sai ya daɗe, a je a tarar da shi a bakin ruwa ya zuba wa kirinjijiya ido. Ya san ranar da shamuwa ta sauka a kan kukar unguwa, bayan littafinsa na lissafi cike yake da zanen dinya da zalɓe. Ranar da ya ce zai karanta ilimin gandun daji da namun dawa, sai kawunsa ya tuntsire da dariya: "Kai yanzu duk karatun duniya, gadin tsuntsu za ka yi?" Shi ke nan, a tura shi kwas ɗin da ba ya so, ko a haɗa shi da 'yan ci-rani. Dariyar nan tana jawo mana asarar da ba mu lissafa ba.

Ku tambayi dattawa yadda Kogin Haɗejia yake a da. Da damina ya cika ya malala, da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage, kachala ba ta samun wurin zama. Aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, aka riƙa sakin ruwa rani da damina saboda noman rani da ruwan shan Kano. An samu amfani, babu mai musu. Shinkafa da alkamar Kadawa da ta Auyo shaida ne. Amma tun da hanyoyin ruwa suka daina bushewa, kachala ta samu gindin zama. Saiwarta tana tare laka, laka tana cike kwarin kogi, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gonaki. A gabas da Haɗejia ruwan ya karkata ta reshen Marma ya nufi Nguru, reshen Burum Gana ya ƙanjame, sai ka ga wani ƙauye na nutsewa, na gaba da shi na neman na ban-ruwa. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka shanye shinkafa ana dab da yanka, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. A cikin kachala jan-baki ke kwana, su fito da asuba kamar hayaƙi su sauka kan gero da shinkafa. Nan sauro ke hayayyafa, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke maƙalewa. In aka yi wa jan-baki feshi, guba ba ta tambayar sunan tsuntsu, duk wanda ta samu ta kayar. Don Allah a hana yara tsintar waɗanda suka faɗo, balle a soya a kai tasha. Haka masu zuba maganin ƙwari a kududdufi don kwasar tarwaɗa da karfasa: sun kashe manya, sun kashe 'ya'ya, ga shanu za su sha ruwan da yamma.

Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka kuwa, yaran yanzu sai a tatsuniya.

Abin takaici, na nesa sun riga mu sanin darajar wurin. Tsuntsaye na tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Philip, ya zo dausayin Dagona a 1989 don ya gani da idonsa. An sa tafkin Nguru da Marma cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta bi a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince Baturiya ta shiga sahun gandun dajin ƙasa. Duk wannan aiki ne da ke neman ma'aikata: masu auna ruwa, masu ƙirga tsuntsaye, masu zama da sarkin ruwa da arɗo da manoma a shirya lokacin yashe hanya. In ba mu da namu, za a kawo baƙo mai takarda wanda bai san inda ruwa ke fara ɓallewa ba, ya rubuta rahoto ya koma.

Ba zan yaudare ku ba, aikin ba na tara dukiya ba ne, kuma gurabensa ba su da yawa. Amma gonar da kachala ta cinye ma ba ta biyan albashi.

Makarantun suna nan kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana koyar da ilimin gandun daji da namun dawa. Akwai kwalejin gandun daji a Jos, da ta kula da namun dawa a New Bussa, ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum ga wanda ya gama digiri. Malamai, ku nemo yaran nan tun suna aji huɗu na sakandare, ku tabbatar ba su ajiye bayoloji da kimistiri da aikin gona ba, don in suka ajiye, ƙofar ta rufe. Iyaye kuma, a zauna da yaro a ji ta bakinsa kafin a buɗe rajistar JAMB, ba bayan wani ya cike masa fom a shagon kwamfuta ba.