Masu Hayar Allon Taro: Sai An Auna Fili Kafin A Kunna Haske

A da, in aka ce yau akwai majigi a gari, sai an jira rana ta faɗi. Motar gwamnati ce ke zuwa da injinta, a ɗaura farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna fina-finan wayar da kai irin su Baban Larai, wanda ya yi tashe a Arewa tun shekarun 1950 yana kwaɗaitar da manoma noman auduga. Duhu shi ne jarin mai majigi. Yau kuwa, a taron siyasa a filin Shehu Kangiwa da ke Sakkwato, ko wajen naɗin sarauta, ko musabaƙar Alƙur'ani, ko bikin wani attajiri a Kano da Maraɗi, katon allon LED ake girkewa, ana kallonsa rana tsaka, domin shi da kansa yake fitar da haskensa.

Abin bai daɗe ba a duniya. Manyan allunan farko, irin Diamond Vision da kamfanin Mitsubishi ya kafa a filin wasa na Dodger a Amurka a 1980, ba da ƙwayoyin LED suke aiki ba. Sai da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia a Japan ya samar da ƙwaya mai shuɗin haske mai ƙarfi a 1993, sannan aka iya haɗa ja da kore da shuɗi a fitar da kowane launi. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano sun sami kyautar Nobel a 2014 a kan wannan aiki. Daga baya masana'antun Shenzhen a ƙasar Sin suka karya farashin, har kayan suka iso hannun 'yan kasuwarmu ta hanyar Legas da Kano.

Yawancin masu wannan sana'a ba da ita suka fara ba. Wani daga hayar lasifika ya taso, wani mai ɗaukar bidiyon biki ne, wani kuma gyaran talabijin yake yi. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo a cikinsu shi ne awo. Mai taro yakan zo da magana ɗaya: "Malam, mafi girma nake so, irin wanda aka sa a taron wane." Gwani ba ya musu, sai dai ya ce, "Ranka shi daɗe, bari mu ga filin tukuna. Mutum nawa ake tsammani? Da rana ne ko da dare? Me za a nuna a kai?" Amsar waɗannan tambayoyi ita ke yanke girman allo, ba nauyin aljihu kaɗai ba.

Allon ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan fanel-fanel ake jerawa kamar yadda magini ke jera tubali, kowanne rabin mita faɗi rabin mita tsayi, wasu kuma rabin mita da mita ɗaya. Ana kulle su da juna ta baya, a bi su da wayar wuta da ta saƙo. Saboda haka duk lissafin mai sana'ar da rabin mita yake tafiya. Allo mai faɗin mita 3 da tsayin mita 2 fanel 24 ne. Mai mita 4 da 3 fanel 48. Kuɗin haya ma a kan adadin fanel ko murabba'in mita ake yanka shi, kwana-kwana.

Tsayin allo daga mutumin da ke can ƙarshen fili ake auno shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in rubutu za a karanta, kada nisan na baya ya wuce ninki shida na tsayin allon. In fuskar mai jawabi kawai za a kalla, ana iya kaiwa ninki takwas ko fiye. Allo mai tsayin mita 2.5 ke nan zai wadatar da mai karatu har mita 15. In filin ya yi tsawo sosai, gwani ba ya ƙara wa allo ɗaya girma har ya fi ƙarfin ƙarafansa. Allo na biyu yake kafawa a tsakiyar taro. A wajen wa'azi da walima, inda mata ke zaune a ɓangarensu daban, matsakaitan alluna biyu sun fi ƙato ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Sannan dole a ɗaga gindin allon ya haura kawunan na gaba, a yi la'akari da rawani da dogayen huluna da masu miƙewa tsaye da waya a hannu.

Inda aka fi tafka asara shi ne daidaita faɗi da tsayi. Kyamarorin yau, da talabijin, da kwamfuta, kusan duk hoton da suke fitarwa faɗinsa kashi 16 ne, tsayinsa kashi 9. Ga misali. Mai biki ya biya fanel 48, aka gina masa mita 4 da mita 3. Da aka saka bidiyo, hoton ya cika faɗin mita 4, amma tsayinsa ya tsaya a mita 2.25. Sama da ƙasa baƙi ƙirin: kashi ɗaya cikin huɗu na allon, daidai da fanel 12, an biya kuɗinsa bai nuna komai ba. In yaron aiki ya ce bari ya ja hoton ya cika, sai fuskar amarya ta yi tsawo, ango ya rame a idon jama'a. Da an jera fanel tara a faɗi, biyar a tsayi, wato mita 4.5 da 2.5, fanel 45 kacal za a kashe, hoton kuma ya fi na farkon girma. Shi ya sa gwanaye suka haddace 'yan awo da ke kusa da 16 da 9: fanel bakwai da huɗu, tara da biyar, goma sha huɗu da takwas. Wanda ya faɗa daidai cif shi ne goma sha shida da tara, mita 8 da 4.5, fanel 144.

Wayar hannu ta kawo nata rikicin. Dangi sukan turo bidiyon da suka ɗauka a tsaye, su ce a nuna. In aka ɗora irin wannan a allo mai faɗi, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai yake cikawa. Mai dabara yakan ware siraran alluna biyu dogaye a gefen dandali, misali mita 1.5 da 2.5, ya bar musu hotunan waya da fastar ɗan takara, babban allo kuma ya riƙe abin da kyamara ke ɗauka kai tsaye.

Sai batun tazarar ɗigo, abin da masu sana'ar ke kira P2.6, P3.9 ko P4.8. Lambar tana nuna milimita nawa ne tsakanin ƙwayar haske da 'yar'uwarta. Fanel ɗin P3.9 yana da ɗigo 128 a faɗi, 128 a tsayi, na P2.6 yana da 192. Lissafin mai sauƙi ne: lambar da ke gaban P ita ce kusan mitocin da ya kamata na gaba ya ja baya kafin hoto ya haɗe masa. A zauren taro inda manyan baƙi ke zaune dab da allo, ƙaramar lamba ake nema. A buɗaɗɗen fili kuwa, biyan kuɗin P2.6 almubazzaranci ne, tunda mai nisan mita 20 ba zai ga bambanci ba. Amma rubutu ba ya yafiya. Allon P3.9 mai mita 3.5 da 2 ɗigo 896 da 512 ne kawai, bai kai rabin faɗin cikakken hoton 1920 da 1080 ba. In aka cusa masa ayoyi da ƙananan baƙaƙe a wajen musabaƙa, wasulla sai su cakuɗe. A rubutun boko ma lanƙwasar ƙ da ɗ takan ɓace. Magani shi ne layi biyu ko uku, da manyan baƙaƙe.

Bayan awo sai rana da wuta da iska. Allon cikin ɗaki haskensa yakan tsaya wajen nit 1,000 a ma'aunin ƙarfin haske, na waje kuwa yana kaiwa 4,500 zuwa sama. Wanda ya fito da na ɗaki filin Allah a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, toka-toka kawai jama'a za su gani. Ana kuma kauce wa fuskantar da allo yamma in taron na bayan la'asar ne. Wuta kuwa, allon waje in ya yi fari fat yana iya jan wat 600 zuwa 800 a kowace murabba'in mita, don haka mai murabba'in mita 12 yana buƙatar janaretan da zai ɗauki kilowat 10 ba tare da nishi ba, kuma ba a so a haɗa shi layi ɗaya da lasifika. Nauyi ma abin dubawa ne: fanel ɗaya kilo bakwai zuwa takwas, 144 sun haura tan ɗaya, ban da ƙarafa. Iskar farkon damina ba ta sallama, ga shi allon ba ya barin iska ta ratsa shi. Shi ya sa ake danne ƙafafun da buhunan yashi ko durom cike da ruwa, hadari na haɗowa kuma a fara saukewa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai an bi kayan da buroshi da abin hura iska bayan kowane aiki.

A gabashin Sakkwato, ƙasar Gobir, akwai ƙarin lissafin da ba ya cikin littafin kowane kamfani. Isa da Sabon Birni suna da nisa da inda kayan suke, kuma matsalar 'yan bindiga ta sa matafiya suna guje wa hanya da dare. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 14 na jihar, waɗannan biyu na ciki. Taro da yawa sun koma na rana, abin da ke nufin majigi ba zai yi ba, allon ɗaki ma ba zai yi ba. Mai kai kaya can yana zaɓar abin da mota ɗaya za ta ɗauka, yara huɗu su kafa da hantsi, su kwance kafin rana ta yi sanyi. Fanel 28 da ƙaramin janareta sun fi masa fanel 100 da za su kwana a hanya. A garuruwa irin su Tozai kuwa, talabijin na gidan kallon ƙwallo shi ne allon yau da kullum, kuma shi ma ƙa'idar ɗaya ce: a duba benci na ƙarshe kafin a sayi akwati. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yaron da ya shiga sana'ar da dako yake farawa, ya koyi ɗaukar fanel ba tare da ya goge ƙwayoyin gefe ba, domin su ne ke fara karyewa. Daga nan ya koyi kulle su a miƙe, ya koyi bin waya, sannan a ba shi laftof ya tsara wa na'urar sarrafa hoto, wadda galibi ta kamfanin NovaStar ce, wane fanel ne ke bin wane. In ya kuskure jeri ɗaya, kan mai jawabi zai fito a ƙasa, ƙirjinsa a sama. Zai kuma gane dalilin da ya sa maigida ba ya son aron fanel daga wani: ko lambarsu ɗaya, in ba tare aka ƙera su ba, farinsu yakan bambanta, a ga faci a tsakiyar allo. Jarin sayen kayan yana da nauyi, shi ya sa masu fanel kaɗan ne. Masu iya auna fili su faɗi abin da ya dace da shi sun fi su ƙaranci, kuma matashin da ya ƙware a wannan ba ya rasa mai kiransa aiki ko bai mallaki fanel ko ɗaya ba.