Yadda Ake Ƙirƙirar Alamar Mahaɗi a Taswirar Lantarki

Kamar yadda harafi ba shi da amfani sai mai rubutu da mai karatu sun yarda da sautinsa, haka alamomin taswirar lantarki suke. Mahaɗi, watau kan waya ko soket da ake soka shi, yana da irin tasa alamar. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ƙirƙiro ta idan babu ita a taskar manhaja.

Za a ɗauki misali daga KiCad, manhajar da Jean-Pierre Charras ya fara fitarwa a Faransa cikin 1992. Da farko mai zane zai nemi takardar bayani ta kamfanin da ya ƙera mahaɗin, domin sanin yawan ƙafafunsa da aikin kowace. Sa'an nan ya zana akwati mai kusurwa huɗu, ya jera ƙafafun a gefensa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta milimita 2.54. Wajibi ne bakin kowace ƙafa ya faɗa daidai kan ɗigon ragar shafi, in ba haka ba layin waya zai yi kamar ya taɓa ta alhali bai kama ba. Bisa al'ada, harafin J ake laƙaba wa mahaɗi, kamar J1 da J2.

Kowace ƙafa tana da suna da lamba. Sunan don mai karatu ne, amma lambar ita ce manhaja take bi ta gano gurbin da za a liƙa ƙafar da dalma a kan allo. Alal misali, USB nau'in A na asali ƙafa 4 gare shi: ta 1 tana kawo wuta bolt 5, ta 2 da ta 3 suna ɗaukar saƙo, ta 4 kuwa ita ce ta ƙasa. Idan aka musanya ta 1 da ta 4, wuta za ta shiga a juye, na'urar kuma tana iya ƙonewa. Kuskuren yakan samo asali ne daga duban mahaɗi ta baya maimakon ta gaba, domin jerin lambobin yana juyawa kamar hoto a madubi.

Manhajar ba za ta gano wannan ba, saboda abin da alama ta faɗa shi take gaskatawa. Don haka, kafin a aika allo wurin bugawa, ya kamata a bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a gwada su da takardar bayani.