Maska: Garin Bakin Iyaka a Ƙasar Katsina Laka

Gabatarwa

Kudancin ƙasar Katsina, inda Bakori da Funtuwa da Malumfashi suke, shi ne ake kira Katsina Laka, saboda ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, wadda auduga da dawa suke so. Masana tarihi, musamman Yusufu Bala Usman a littafinsa na 1981 a kan tarihin Katsina, sun nuna cewa tun kafin jihadin 1804 wannan yanki yana da manyan garuruwa irin su Maska da Gozaki da Kogo. Wannan maƙala za ta duba abin da mai ziyara zai lura da shi a Maska.

Matsayin Garin

Maska tana kudu da Funtuwa, wajen iyakar Katsina da Zazzau. Daga yamma kuwa duwatsu ne da dazuzzuka har zuwa Birnin Gwari. A can ne Gandun Dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, da kuma dajin Kogo, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaga shi zuwa wannan matsayi a 2020. Ashe ke nan garin ya zauna ne tsakanin ƙasar noma da ƙasar duwatsu, yana tsaron iyaka, yana kuma cin moriyar fatauci da saƙa da rini.

Ƙaurar Sarauta

Zuwan Turawa ya sauya wannan tsari. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta isa Ƙauran Namoda a 1929, ta bi ta Funtuwa, sai cinikin auduga ya tattara a can. Mulki ma can ya koma, amma bai yar da sunansa ba: har yau Hakimin Funtuwa shi ne Sarkin Maska, kamar yadda Hakimin Bakori yake Makaman Katsina. Watau sunan sarauta yana adana tarihin da gine-gine suka kasa riƙewa.

Kammalawa

Rashin tsaron da ya addabi dazuzzukan yamma ya sa ziyara ta yi wuya, dattawan da suka san kirarin sarakuna da sunayen tsofaffin unguwanni kuma suna ƙarewa. Ya kamata ɗaliban Hausa da na tarihi su hanzarta tattara waɗannan bayanai daga bakinsu, domin abin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi kabari.