Bruce Onobrakpeya: Daga Ɓarnar Faranti Zuwa Sabuwar Fasaha

A shekara ta 1967, wani malamin zane na birnin Ikko ya zuba ruwan asid bisa farantin tutiya domin ya fitar da hoto. Ruwan ya ci farantin fiye da kima, aikin ya ɓaci. Maimakon ya yar da shi, sai ya cike ramukan da danƙon Araldite. Da danƙon ya bushe, ya shafa tawada, ya danna takarda, sai ga hoto ya fito da tudu da kwari. Ya raɗa wa dabarar suna plastograf. Hausawa na cewa, wani hani ga Allah baiwa ne.

Malamin shi ne Bruce Onobrakpeya. An haife shi a 1932 a Agbarha-Otor, ƙasar Urhobo, a kudancin Nijeriya. A 1957 ya shiga babbar makarantar fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A lokacin, malamai Turawa salon ƙasarsu suke koyarwa. A 1958 shi da abokansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a karɓi kayan aikin Turawa, amma a ɗebo abin zanawa daga al'adun iyaye da kakanni.

Bai tsaya ga fenti kaɗai ba. Ya haɗa ƙarfe da itace da danƙo, daga baya har da fulogin mota da tarkacen kwamfuta. Daga 1985 zuwa 1988 ya yi jerin ayyuka kan mutanen Sahel da matsowar hamada, bayan farin 1984 da jama'ar Nijar ba su manta da shi ba. A 1998 ya buɗe taron horo a garinsu, ya sa masa sunan hunturu, domin manyan masu zane su zauna tare da ƴan koyo.

A Talladje da sauran unguwannin Yamai akwai maƙera da masu walda da ƴan gyaran mota, tarkace kuwa ba ya ƙare musu. Labarin wannan malami ya nuna cewa rashin kuɗin fentin waje ba ya hana matashi zane. Abin da yake bukata shi ne wurin horo da malami mai haƙuri, kuma wannan nauyi ne a kan shugabanni.