Yadda rassan bishiya da bakin kogo ke ƙara wa hoton daji armashi

Mutane da dama kan dawo daga gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi da wayoyinsu cike da hotuna, amma idan aka duba sai a ga giwa ta zama ɗan ɗigo a tsakiyar fili, sararin sama ya cinye rabin hoton. Galibi ba wayar ce ke da matsala ba, inda mai ɗaukar hoton ya tsaya ne.

Ɗaya daga cikin dabarun da ƙwararru ke amfani da su ita ce kewaye abin da ake son ɗauka da wani abu da ke wurin, kamar rassan bishiya, bakin kogo, ko tsagar dutse, ya zama tamkar firam ɗin da Allah Ya tanada.

Amfanin dabarar

Idon mutum na fara sauka ne a wurin da ya fi haske. Idan gefen hoto ya yi duhu, tsakiya kuma ta yi haske, ido zai tafi kai tsaye inda ake so. Sannan abin da ke kusa da kyamara yana nuna tazarar da ke tsakaninsa da na nesa, sai hoton ya samu zurfi. Rassan kuma kan rufe farin sama maras armashi, irin wanda hazo ke kawowa lokacin hunturu.

Fitaccen misali shi ne Mesa Arch, wani dutse mai siffar baka da ke gandun Canyonlands a jihar Utah ta Amurka. Masu ɗaukar hoto kan yi sammako su jeru a gabansa, domin idan rana ta ɓullo, ƙarƙashin dutsen kan yi ja, kwazazzaban da ke nesa kuma su bayyana ta cikinsa.

A Yankari ma, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, akwai irin wannan dama. Bishiyoyin da suka yi wa maɓuɓɓugar Wikki rumfa suna kewaye ruwanta garai-garai, wanda ɗuminsa ke kan maki 31 a ma'aunin Selshiyas duk shekara. Haka nan bakin kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse. Da rani kuwa, dabbobi na taruwa a gaɓar kogin Gaji, inda itatuwa ke da yawa.

Inda wayar ke ruɗewa

Waya kan mayar da hankali kan abin da ya fi kusa da ita, sai ganye ya fito sarai, dabbar kuma ta dushe. Maganin shi ne a taɓa dabbar a fuskar wayar kafin a ɗauka. Idan daga cikin kogo ake ɗauka, a taɓa wurin da ke da haske a waje, sannan a ɗan rage hasken. Bakin kogon zai yi baƙi, kuma haka ake so.

Ba dole firam ɗin ya zagaye ɓangarori huɗu ba. Reshe ɗaya daga sama da kututture a gefe sun wadatar. Amma a lura kada reshe ya ratsa kan dabbar, ko ya fi ta ɗaukar ido. Taku ɗaya zuwa hagu, ko durƙusawa, kan gyara hakan fiye da zuƙo hoto da yatsu, wanda ke rage ingancinsa.

Hattara

Neman firam ba hujja ba ce ta karya reshe ko yaye ganyen da ya lulluɓe sheƙar tsuntsu, domin hakan na tona ƙwai ga shaho da zafin rana. Kada a sauka daga mota ko a kusanci giwa ba da izinin jami'in gandun ba, musamman mai ɗa. A kuma duba ƙasa da bakin kogo saboda macizai kafin a durƙusa.

Mai son gwadawa ba sai ya jira tafiya Bauchi ba. Kukar bayan gari, da hantsi ko gab da faɗuwar rana, ta isa wurin koyo.