Kafin Ka Huda Rufin Kankare

Daga Masama zuwa Gwandu har Kalgo, in kaka ta yi kyau an sayar da shinkafa da albasa, sai magidanta su tashi da gyaran gida. Wani yana so ya ɗora bene a kan shagonsa, sai ya tarar ba a bar masa wurin matakala a rufin kankare ba. Wani kuwa bututun iska yake so ya sa wa masai. Sau da yawa sai a kira saurayi mai ƙarfi, a ba shi guduma da cizal, a ce ya fasa. To, jama'a, a nan haɗarin yake.

Ku tuna da soron iyayenmu. Ƙasar da ke bisa ba ita ke riƙe kanta ba, azara ce. Ba maginin da zai sare azara a tsakiya don neman taga. Rodi shi ne azarar kankare. Kankare yana jimre danniya ƙwarai, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake shimfiɗa rodi kusa da ƙasan rufi, inda nauyi yake so ya tsage shi. A ɗaki mai tsawo, manyan rodi suna bin gajeren gefe ne, daga bango zuwa bango. Wanda ya yanke su, nauyin da suke ɗauke da shi bai tafi ko'ina ba, ya koma kan na kusa da su.

Nauyin kuwa ba wasa ba ne. Rufi mai kaurin inci 6, mita 1 tsawo mita 1 faɗi, ya kai kilo 360, wato ya ɗara buhun siminti 7. Na taɓa tarar da wani birkila yana fasa irin wannan ba tokari ko ɗaya a ƙasa, ga yara suna wasa cikin ɗakin. Sai da na yi masa lissafin nan da buhu kafin ya sauko.

In ramin babba ne, kamar na matakala, tilas injiniya ya duba tukuna, ko da sai an je Birnin Kebbi nemansa. Shi zai faɗi inda za a sa sabon bim ko ginshiƙi ya karɓi kayan rodin da za a yanke. A tokare rufin da katako ko ƙarfe ta kowane gefe kafin a taɓa shi, kada kuma a cire tokarin sai sabon kankare ya kwana 28. Kada a huda bim, ko kusa da kan ginshiƙi. Rufin baranda da ya fito waje ba ginshiƙi, shi rodinsa a sama yake, in an yanke sai ya rufto. A kashe wuta kuma, gama akan binne bututun waya cikin rufi.

Maganar masai da sauƙi. Masai mai bututun iska, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar da yau ake kira Zimbabuwe a shekarun 1970, yana rage wari da ƙuda sosai, rami mai faɗin inci 4 zuwa 6 kawai yake bukata. Wannan yakan shiga tsakanin rodi biyu ba sai an yanke ko ɗaya ba. A fara ɓare siminti kaɗan kaɗan har a ga inda rodi ya kwanta. A yi ramin zagaye, domin daga kusurwa tsaga take farawa. Injin yanka ya fi babbar guduma, ita tana girgiza murfin duka. Rodin da ya bayyana a rufe shi da siminti, in ba haka ba tururin masai zai sa shi tsatsa.

Amma in murfin ya riga ya tsage, ko ba a san ko akwai rodi a ciki ba, ni dai shawarata a zuba sabo, a ajiye guntun bututu a wurin ramin tun kankare yana ɗanye.