Daga ina sunan Jama'are ya samo asali?

Duk wanda ya hau mota daga Azare zuwa Jama'are yana furta harsuna biyu a cikin suna guda. Gangar jikin kalmar Larabci ce: jama'a, daga saiwar jim, mim da ain, mai ma'anar tarawa. Daga nan ne Hausa ta samo Juma'a da jami'a da jam'iyya. 

Ƙarshen sunan kuwa, wato "re", na Fulfulde ne. Hausa tana raba sunaye zuwa namiji da mace, amma Fulfulde tana da azuzuwa sama da 20, kuma sau da yawa akan sa wa baƙuwar kalma wutsiyar ajinta kafin ta zauna. Haka daftar na Larabci ya zama deftere, littafi ke nan. Jama'a ma haka ta zama jama'are.

Tarihi ya dace da wannan nahawu. Fulanin Muhammadu Wabi ne suka kafa masarautar Jama'are a 1811, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa shugabansu na lokacin, Sambolei, ita a 1835. Ya kamata malaman makarantun yankin su riƙa koya wa yara wannan a darasin Hausa.